Mai Jego, Nononki Ya Ishi Jaririnki

Ina gai da masu karatunmu na ko'ina, musamman na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, domin zancenmu na yau daga wajenku ya taso.

Kwanan baya na je barka wani ƙauye kusa da Hunkuyi. Mai jegon ƙanwar wata aminiyata ce, haihuwar fari, ta zo wanka gida. Na isa da hantsi, ran kwana biyu da haihuwa. Na tarar ɗaki ya ɗume da turare, mai jego tana zaune a gefen gado ta juya baya ta lulluɓe fuska, jariri kuwa yana hannun kakarsa yana ta tsala kuka, tana ɗura masa ruwan ɗumi da ƙaramin cokali. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, ya kama nono kuwa?" Ta ce, "Wane nono tun yanzu, 'yar nan? Ai bai yi fari ba tukuna. Wancan mai ruwan ɗorawa dauɗa ce, mun matse mun zubar. Sai gobe ko jibi in ya wanku."

Ban yi musu da ita a gaban mutane ba, domin tsohuwa ce wadda ta haifi tara ta kuma raini jikoki. Sai da 'yan barka suka ragu na matsa kusa da ita na ce, "Inna, in akuyarki ta haihu, kina hana ɗan nonon farko?" Ta yi dariya ta ce in aka yi haka ai da wuya ya yi rai. Muka yi ta jan zance. Ba zan ce na ciwo kanta gaba ɗaya ba, amma dai kafin azahar an sa yaron a nono, ya kama, ya yi shiru, ya yi barci.

To, abin da nake so in jawo hankalinku a kai shi ne wannan. Daga sa'ar da aka haifi yaro har ya cika wata shida, kada kome ya shiga bakinsa sai nonon uwarsa, ko da ruwa ne, in ban da magani ko ɗigon rigakafi da ma'aikatan lafiya suka bayar. Kwana arba'in na jego kuwa su ne tushen abin duka. In shayarwa ta kafu a cikinsu, sauran tafiyar mai sauƙi ce. In ta karkace a cikinsu, gyara sai an sha wuya. Kuma a cikin kwanakin nan, mun sani, ba mai jego ke da iko da ɗanta ba. Iko yana hannun kaka da uwar miji da ungozoma. Saboda haka wadda ta karanta wannan, don Allah ta karanta musu su ma.

DAKASHI

Dakashi shi ne nonon da ke fara zuwa a kwana biyu ko uku na farko, mai kauri, mai yauƙi, launinsa ruwan ɗorawa. Ba shi da yawa, shi ya sa ake raina shi. Amma ku sani, cikin jariri ran da aka haife shi bai wuce ya ɗauki cokalin shayi guda da ɗan ɗori ba a sha ɗaya. Allah da ya yi cikin ƙarami, shi ya yi abincin daidai da shi.

A cikin ɗan kaɗan ɗin nan akwai dakarun da jikin uwa ya tara don yaƙi da cututtuka, watau irin cututtukan da ke yawo a gidan da yaron ya faɗo da unguwar da zai tashi. Suna shafe hanjinsa kamar yadda ake yaɓe rumbu don kada ƙwari su sami ƙofa. Don haka ne ma'aikatan lafiya ke kiran dakashi rigakafin farko. Har ila yau yana ɗauke da bitamin A mai kare ido, kuma shi ne yake wanke cikin yaro ya fitar da baƙin kashin nan na farko mai danƙo, fitarsa da wuri kuwa tana rage shawara. Kun ga abin da muke nema da jiƙe-jiƙe, wai a wanke wa yaro ciki, shi muke matsewa mu zubar a bayan ɗaki.

Ita ma uwar tana da riba. Tsotson yaro yana sa mahaifa ta tsuke, mabiyiya ta faɗo da sauƙi, jini ya ragu. Murɗawar marar nan da mai jego ke ji sa'ad da yaro ke tsotso, alamar aikin ke nan, kada ta tsorata.

A ƙasar Gana akwai wani gari, Kintampo, inda kakanninmu fataken goro suka sha yada zango. A ƙauyukan wajen ne likitoci suka bi diddigin jarirai fiye da 10,000, suka bayyana abin da suka gano a shekarar 2006. Lissafinsu ya nuna, da za a sa kowane jariri a nono tun ranar farko, da an tsirar da 16 daga cikin kowane 100 da ke mutuwa kafin su cika wata guda. In kuwa a cikin awar farko aka sa shi, adadin ya kai 22. Rai da ajali na Allah ne, babu mai musu, amma ai mu ne muke cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Don haka da zarar yaro ya faɗo, a goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare. Wanka ya jira.

A wasu gidaje har yanzu akan tatsi nonon mai haihuwar fari a ƙoƙo a jefa tururuwa a ciki, wai in ta mutu to nonon mugu ne, sai an yi magani. Haba jama'a! Tururuwar da aka jefa cikin abu mai kauri mai yauƙi, ko koko ne ko kunun gyaɗa, ai nutsewa za ta yi. Ba a yanke wa ɗan mutum hukuncin yunwar kwana uku da shaidar tururuwa.

ZANCEN RUWA

A nan ne gardama ta fi zafi, kuma tsofaffinmu suna da hujja wadda ba ta banza ba ce. Sukan ce, a watan Afrilu, rana ta take, babba ma yana neman shanye randa, yaya za a hana mai rai ruwa? Ba alhaki ba ne? Baƙo ma in ya zo ruwa ake fara ba shi, balle wannan baƙo da ya sha doguwar tafiya. Tausayi ne ke sa su faɗi haka, ba mugunta ba, kuma dole mu amsa musu da ladabi.

Amsar ita ce, ruwan baƙon yana cikin nonon. Kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, tatacce, mai ɗumi daidai jiki, wanda babu moɗar da ta taɓa shi. Ku lura, in yaro ya kama, nonon da ke fara fitowa tsinkakke ne, shi ke kashe ƙishirwa, na baya kuma mai maiƙo ne, shi ke ƙosarwa. Lokacin zafi yaro yakan nemi nono akai-akai ya ɗan tsotsa ya saki. Ruwansa yake sha ke nan. An gwada wannan a ƙasashe masu zafi irin namu, an ga jaririn da ke shan nono zalla duk sa'ad da ya nema ba ya bukatar ƙarin ruwa.

Ruwan da ake ɗura masa kuwa ɓarna uku yake yi. Ta farko, yana cika ɗan cikin nan da abin da ba ya gina jiki, yaro ya ji kamar ya ƙoshi alhali da yunwa ya kwana. Ta biyu, tun da ya rage tsotso, nonon uwar sai ya fara ja da baya. Ta uku ita ce mafi muni. Ruwan nan daga ina? Daga rijiyar da ba ta da nisa da salga, wadda ruwan damina ke gangarawa cikinta, zuwa randar da kowane yaro ke tsoma moɗa a ciki. Cikin babba ya saba, na jariri bai saba ba. Kwana kaɗan sai zawo da amai, maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, sa'an nan a shiga cewa iska ce, ko kambun baka, ko nonon uwar ne ba shi da kyau. Ko ruwan leda ne, ko dafaffe, ɓarna biyu na farko suna nan. In ana jin tausayin yaro saboda zafi, to a miƙa wa uwar moɗa ta sha ta ƙoshi, zai isa gare shi ta hanyar da Allah ya tsara.

Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawara a kan wata shida na nono zalla, daga nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Mu matan Nijeriya ba ƙin shayarwa muke yi ba, kusan kowace uwa tana ba ɗanta nono. Amma binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2013 ya nuna jarirai 17 kacal cikin 100 na 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla, a 2018 kuma adadin ya hau 29. Abin da ya fi kome hana sauran shiga lissafin shi ne cokalin ruwan nan.

Game da dabinon da ake taunawa a goga wa jariri a ganɗa, wannan sunna ce sananniya, ba ni da ta cewa a kanta, sai dai mu tuna gogawa ce 'yar kaɗan da hannu mai tsabta, ba ciyarwa ba. Rubutu in an karɓo, uwa ta sha, yaro a tofa masa addu'a. Man shanu, da madarar akuya ko ta saniya, da ruwan sukari, da saiwoyi, duk a ajiye su. Zuma kuwa, duk da albarkarta, likitoci sun hana a ba yaro sai ya shekara, saboda wata ƙwayar cuta kan ɓuya a cikinta wadda hanjin jariri bai iya yaƙi da ita ba, tana shanye masa jiki.

"NONONA BA YA ISARSA"

Wannan kuka na sha jinsa, kuma galibi ba daga bakin mai jego yake farawa ba. Wata 'yar barka ce za ta latsa mata nono ta taɓe baki ta ce, "Wannan ai babu kome a ciki." Shi ke nan an dasa mata shakka.

'Yar'uwa, nono kamar rijiya yake mai ido. Gwargwadon yadda ake ja, gwargwadon yadda take kawowa, in aka bar ta kuma sai ta ja baya. Girman nono ko ƙanƙantarsa ba shi ne ba. Tsotso shi ke kira, jiki ya amsa. Wajen kwana uku zuwa huɗu za ki ji ya sauko ya yi nauyi, kuma wadda aka sa wa yaro tun awar farko nata ya fi saurin saukowa. Ki ba shi duk sa'ad da ya nema, dare da rana, sau 8 zuwa 12 a kwana guda. Kada ki jira sai ya yi kuka. In kin ga yana motsa baki, yana juya kai, yana kai hannu baki, to sallama yake yi. Shayarwar dare kada ki yi wasa da ita, domin ita ta fi ƙara nono.

Yaya za ki san ya ƙoshi? Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Daga kwana biyar zuwa shida, in yana fitsari sau shida ko fiye a kwana, kashinsa ya bar baƙi ya koma ruwan ɗorawa, yana sakin nono da kansa jikinsa a sake, to yana samu. Kusan kowane jariri yakan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ya mayar kafin mako biyu. Ki kai shi awo a gani a ma'auni. Wajen mako na uku, da kuma wajen arba'in, zai yi kwana biyu ko uku kamar ba ya ƙoshi, yana ta nema. Girma ne ya zo masa, yana yi wa jikinki odar ƙari. Ki yi haƙuri ki ba shi, nonon zai ƙaru.

Yawancin wahalar makon farko daga kamu take. Ki zauna ki jingina, ki juyo shi cikinsa ya manne da naki, kansa da jikinsa a miƙe, hancinsa saitin kan nono. Ki jira ya wangale baki kamar mai hamma, sa'an nan ki matso da shi, ya haɗa har da baƙin nan da ke kewaye da kan nonon, haɓarsa ta taɓa nono, leɓensa na ƙasa ya juyo waje. In kan nono kaɗai ya kama, zai tsage miki shi, shi kuma ba zai sami abin kirki ba. In kin ji zafi, ki sa ɗan yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ya saki, ki sake gyarawa. Tsagewa kuwa maganinta gyaran kamu, da shafa ɗigon nononki a wurin ki bar shi ya sha iska. Ki bar shi ya gama da ɗaya ya kai ga mai maiƙon kafin ki juya shi ga ɗayan. In nono ya cika ya yi tauri, ki gasa da tsumma mai ɗumi, ki ɗan tatse ya yi laushi, ki ci gaba da ba shi. In ya yi ja yana zogi ga zazzaɓi, ki tafi asibiti, amma kada ki daina shayarwa, nonon bai lalace ba.

Sa'an nan ku yi hattara da bulunboti da madarar gwangwani, waɗanda wasu ke ɗauka alamar wayewa ce ko ta arziki. Duniya ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. Tun 1939 wata likitar yara, Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Gana, ta yi gargaɗi a Singafo cewa tallar madarar gwangwani tana kashe 'ya'yan talakawa. A 1981 ƙasashe 118 suka amince da ƙa'idar taƙaita wannan talla a taron Hukumar Lafiya ta Duniya, Amurka ce kaɗai ta ƙi. Nijeriya ta kafa tata dokar a 1990, hukumar NAFDAC ce kuma ke sa ido a kai. Dalili a fili yake. Gwangwani yana da tsada, in ya kusa ƙarewa sai a riƙa tsinka shi da ruwa, yaro ya rame. Bulunboti yana da wuyar wankewa, ga ƙuda, ga zafi. Na sani akwai larura, kamar maraya ko wanda uwarsa ke kwance rai a hannun Allah. Wannan sai da shawarar likita, kuma da ƙaramin kofi mai tsabta. Muna ma da tsohuwar hanya, watau wata 'yar'uwa ta shayar, kamar yadda Halimatu Sa'adiyya ta shayar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sai dai a wannan zamani a fara auna jininta tukuna. Wadda ke ɗauke da ƙanjamau kuma ta riƙe maganinta ta bi abin da asibiti suka tsara mata.

KUNUN KANWA DA CIKIN MAI JEGO

Al'adarmu ta jego tana da alheri mai yawa, domin ta ware wa mace kwana arba'in na hutu da kulawa, abin da matan wasu ƙasashe ke nema ido rufe. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu duba kunun kanwa, wanda ake dama wa mai jego safe da yamma wai don nono ya kawo.

A nan ƙasar Zazzau aka yi binciken da duniya ta san shi a kan wannan. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Dokta Davidson da Farfesa Parry sun duba mata 224 da zuciyarsu ta kasa a lokacin haihuwa ko bayanta, suka buga rahotonsu a 1978. Sun danganta yawan ciwon da gishirin da ke cikin kanwa, haɗe da tafasasshen ruwan wanka da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu garuruwa ya nuna akwai wasu dalilan, kamar rama da talauci da hawan jinin mai ciki, watau laifin ba na al'ada kaɗai ba ne. Duk da haka, ɗura wa jikin da ya gaji gishiri mai yawa ba taimako ba ne, balle ga mai hawan jini. A dama kunu, a rage kanwa ƙwarai ko a bar ta. A yi wanka da ruwan da jiki zai iya ɗauka, ba mai saɓule fata ba. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, tana haki, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai a zaune, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wuta. A kai ta asibiti a ranar.

Abin da mai shayarwa ke bukata shi ne abinci, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ba sai an je kanti ba. Ƙasar da ke cika motoci da raken Makarfi da tumatirin Kudan da Ikara, ga masara ga waken soya, bai kamata mai jegonta ta kwana da gayan tuwo ba. A ba ta wake da gyaɗa da awara, da zogale da rama, da ƙwai da kifi, da fura da nono, da nama in ya samu, a ƙara mata kwano guda a kan abin da ta saba ci. Abin takaici, akan yi ƙauri a yi shagalin suna a ci a watse, daga ran kwana takwas kuma a manta da ita.

Wannan sashe ku karanta wa masu gida. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku, ita ce kuma ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa a wuyan uban yaro. Wanda ya iya sayen ragon suna da atamfar fitar suna, ya iya sayen mudun wake da ƙwai. A 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta mai da hutun haihuwa na ma'aikatanta mata wata shida, don su sami damar shayarwa. Madalla da wannan. Amma matan Paki da Gazara da Likoro yawancinsu ba ma'aikatan gwamnati ba ne, nasu hutun yana hannun mutanen gida. Abokiyar zama, ki karɓar mata girki. Uwar miji, ki ɗauke mata daka da wanki. Wadda kika yi wa yau ita za ta yi miki gobe.

KUNYAR ƊAN FARI

Ga kuma wani abu da ba mu cika faɗa ba. Yarinyar da na ba ku labari, ko da aka miƙa mata ɗanta sai ta kau da kai, sai da yayarta ta kore mu waje ta saki labule. Kunyar ɗan fari ado ce a wurinmu, ban ce a yar da ita ba. Kada ki kira sunansa, kada ki yi masa wasa a gaban surukai, duk na yarda. Amma kunyar da za ta sa jariri ya yi awa biyar bai sha ba saboda ɗaki cike yake da 'yan barka, wannan ta zama cuta. Ku 'yan barka, in kun gaisa kun ga yaro, ku koma tsakar gida. Ke kuma Inna, kada ki yi mata dariya ko ki ce ba ta da ta ido don ta rungumi ɗanta. Ki zauna kusa da ita ki gyara mata riƙo.

In wanzami ya zo ran suna, aski ya isa. Cire beli da ake yi wa jarirai ba ya maganin kome, yana jawo zubar jini da shigar cuta, ga shi yaro ya kasa tsotso saboda ciwon maƙogwaro.

Akwai alamun da in kun gani ba a kwana da su, ba a kuma jiran arba'in. Jariri ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri haƙarƙarinsa na shiga ciki, ko yana jijjiga, ko ya yi laƙwas ba ya motsi, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi ruwan ɗorawa, ko cibiya ta yi ja tana ruwa. A ɗauke shi zuwa ƙaramin asibitin da ya fi kusa, ko babban asibitin Ikara, ko na Makarfi, ko asibitin Hunkuyi, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Shika. A hanya a ci gaba da gwada masa nono. Bakwaini kuwa, wanda bai da ƙarfin tsotso, a ɗaura shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, ta tatsi nononta a kofi mai tsabta a ba shi kaɗan-kaɗan. Makarantar koyon aikin lafiya ta Makarfi ta daɗe tana yaye 'ya'yanmu, da yawansu suna nan a asibitocin ƙauyukanmu. Ku tambaye su, don wannan aka koyar da su.

GARE KU 'YAN MAKARANTA

Ku kuma 'ya'yana, kada ku ce wannan zancen manya ne. Ku ne masu reno. In Mama ta shiga wanka, ke ake miƙa wa jariri, kuma ke ake ce wa, "Ɗan ba shi ruwa ya yi shiru." Daga yau in ya yi kuka, ki rungume shi ki jijjiga shi a hankali, ki kira uwarsa. Kada ki ba shi ruwa, kada ki lasa masa alewa ko koko, kuma ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauke shi. Abin da kika koya a darasin kiwon lafiya ki kawo shi gida, amma da ladabi. Kada ki tsaya a kan kakarki ki ce ba ta sani ba. Ki durƙusa ki ce, "Kaka, ga abin da aka rubuta, in karanta miki?" Gobe kaɗan ke ce a gefen gadon nan, abin da kika riƙe yau shi zai tsaya miki.

Iyayenmu tsofaffi, mun san ku kuka raine mu, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Amma ku da kanku kun san 'ya'ya nawa aka binne a gidajenmu kafin su yi arba'in, aka ce ba masu zama ba ne. Abin da muke roƙo ba shi da tsada: a bar wa yaro dakashinsa, a ajiye cokalin ruwa, a ciyar da uwar a bar ta ta huta. In kuka yarda, babu mai musa muku a gida.

Yaron nan na wajen Hunkuyi ya yi arba'in, an kai shi awo, ma'auni ya yi kyau. Aminiyata ta ce har yanzu in rana ta yi zafi Inna takan ɗauko moɗa ta tsaya tana dubansa, sa'an nan ta miƙa wa uwar ta ce, "Ungo, sha masa."

Wadda ke da tambaya ko wani abin da ta gani a garinsu, ta rubuto mana. Allah ya raya mana zuriyarmu, ya ba masu jego lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.